Kujerar Mushe a Fadar Su Jibo

Yamai, 9 ga Nuwamba 2024

Zuwa ga Balki, ƴar kawuna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan za ta same ki lafiya, ke da jikokinki da duk mutanen Damagaram. Mu nan lafiya lau, sai gwiwata ta hagu da ba ta son sanyin safe, da tansiyo, hawan jinin nan, da ke hawa duk lokacin da na kunna radiyo. Kilishin da kika aiko ta hannun Abdu direba ya iso. Na gode, ko da yake na san don ki ƙarasa mini sauran haƙora kika aiko shi.

Ban kira ki ba, saboda wayarki a tsakar gida take magana, kowa na ji. Wannan zance na takarda ne.

Zailani na shan wiwi.

Uwarsa ce ta gano. Kin san Zinariya, shekara ashirin tana sayar da busasshen ganye a kasuwar Petit Marché, kuka, yakuwa, zogale, babu wanda hancinta bai sani ba. Ta ɗauki jakarsa ta littattafan lakwal za ta wanke, ta tarar da wani ƙulli cikin takardar siminti. Ta shinshina sau ɗaya, ta zauna a ƙasa. Sati uku ta ɓoye mini. Ni kuwa ina ganin idon yaro ja, ina cewa karatu ne, tunda bana zai yi jarrabawar bak ta gama sakandare.

Akwai wata fada nan Koira Kano, bayan shagon wani tela, wajen gidajen da ba a gama ginawa ba. Samari bakwai ko takwas, tabarma ɗaya, butar shayi ɗaya. Babbansu wani Jibo ne, ya bar karatun lise tun bara. Daga lakwal can Zailani ke wucewa, sai magariba muke ganinsa.

Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyar da lissafi. Waɗanda na koya wa ƙidaya da yatsu yau suna wuce ni a unguwar Filato cikin motoci masu baƙin gilashi, ba mai saukewa ya ce sannu Mushe, malaminmu. Na haƙura da wannan. Amma a ce ɗan cikina, ɗan auta, shekara goma sha bakwai, ya zama abin nuni a kartiye, unguwa duka na kallo, wannan ba zan iya ba.

An ce akwai wani malami a bayan garinku mai gidan mari, yana sa wa irin waɗannan yara ƙarfe a ƙafa har su dawo hayyacinsu. Ki je mini wajensa ki nemo wa Zailani wuri. Zinariya ba ta yarda ba, kuka kawai take yi. Ni na yanke.

Na san ke taubashiyata ce, tun muna yara ba ki taɓa yi mini magana ba tsokana ba. Don Allah wannan karon ki bari.

Naki,
Mijinyawa

Damagaram, 18 ga Nuwamba

Bawana Mijinyawa,

Wa alaikumus salam. Na gane takardarka tun tana hannun Abdu, babu mai jera baƙaƙe a tsaye kamar sojoji sai ɗan goggona. Muna lafiya, sai ƙaramar jikata da ta yi zazzaɓi, ta warke. Maganar gwiwa kuwa, tun muna yara kai rago ne wajen gudu, kada ka ɗora wa sanyi.

Labarin Zailani ya taɓa ni. Ka gaida mini Zinariya, ka ce na ce ta ci abinci.

Malamin da kake nufi na san gidansa. Ba zan je ba tukuna. Ga abin da uwargijiyarka ta umurce ka da shi. Kujerar nan taka ta ƙarfe, wadda kake zama a kai ƙofar gida kana zagin duniya, ka ɗauke ta ka kai fadar su Jibo. Ka zauna. Ka sha shayinsu, na fari da na biyu da na uku, kullum da la'asar har sati ɗaya. Kada ka yi musu darasi, kada ka gyara wa kowa faransanci. Na san rufe baki zai fi maka zafi da ƙarfe a ƙafa.

Ai dama fada ce ta dace da kai. Su ba su da aiki, kai ba ka da aiki. Su hayaƙi ke fita bakinsu, kai ma abin da ke fita bakinka shekara goman nan bai fi hayaƙi amfani ba.

In ka yi satin, ka rubuto mini abin da ka gani, sannan mu yi maganar malami.

Mai mallakarka,
Balki

Yamai, 25 ga Nuwamba

Balki,

Muna lafiya.

Na buɗe miki cikina, kin mayar mini da wasa. Na roƙe ki abu ɗaya, ki ajiye tsokana sau ɗaya a rayuwa, ba ki iya ba. In je in zauna tsakanin ƴan shaye-shaye da furfurata, don ki samu abin ba mata dariya a gidan suna. Na ji.

Ba sai kin wahalar da kanki ba. Maƙwabcina Abdoulkarim ya san wani gida irin wannan, ya yi magana da su, sun karɓa. Ranar Asabar 21 ga Disamba, da an ba da hutu, shi zai raka Zailani. Yaron bai sani ba, an ce masa ziyara za shi.

Ki gaida yara.

Mijinyawa

Damagaram, 2 ga Disamba

Yaya Mijinyawa,

Assalamu alaikum. Ka duba yadda na kira ka a sama. Shekara sittin da biyu gare ni, ban taɓa ce maka Yaya ba. Na faɗa yau don ka san babu wasa a takardar nan daga farko har ƙarshe. Laifina ne, ka roƙe ni in bari ban bari ba. Bakina bai san wata hanyar yi maka magana ba, sai na naɗe gaskiya cikin tsokana, kai kuma tsokanar kawai ka gani. Ka yafe mini.

Maganar kujera da gaske nake.

Shekara ashirin da takwas na yi ina aikin jinya a gidan likita. Da hannuna na wanke idon sawun yara uku da aka fito da su daga irin gidan da kake nufi. Ɗaya har yau yana ɗingishi. Wani kuma ranar da aka sallame shi bai nufi gidansu ba, wajen masu wiwi ya koma. Na tambaye shi dalili, ya ce su ba su taɓa ce masa ziyara za shi ba. Ban ce duk wanda aka kai haka yake ƙarewa ba. Abin da idona ya gani nake gaya maka.

Sai abu na biyu, wanda ya fi wuyar faɗa. Takardunka duka suna cikin akwatina, jiya na fito da su. Ga abin da ka rubuto mini shekarun nan, da hannunka: “Boko ƙarya ce aka yi mana.” “Da na sani da tireda na buɗe.” “Difloma takardar ƙunshe ƙosai ce.” Ni sau uku a shekara nake karanta wannan, kuma ina da wayon da zan ce ɓacin rai ne. Zailani kullum yake ji, tun yana ɗan shekara bakwai, daga bakin mutumin da ya fi kowa ilimi a idonsa. An zalunce ka a wurin aiki, na sani, ba na musu. Amma ka taɓa tambayar kanka me yaron ke ɗauka daga ƙofar gidan nan ya tafi da shi lakwal?

Sati ɗaya nake roƙo. Gidan mari ba zai gudu ba. In ka je ka gani ka ce har yanzu sai an kai shi, ba zan ƙara cewa komai ba.

Ƙanwarka,
Balki

Damagaram, 30 ga Disamba

Yaya,

Shiru. Ashirin da ɗaya ta wuce da kwana tara. Sai jiya na ji ashe Abdu ya kwanta rashin lafiya sati biyu, takardata na cikin jakarsa, ban san ranar da ta iso ba, ban san ko ta iso a kan lokaci ba.

Na kasa haƙuri na kira Zinariya. Tana tsakiyar kasuwa, hayaniya ta yi yawa, abin da na ji kawai shi ne: “Yaya Balki, ki tambayi ɗan'uwanki, ni na kasa gane kansa.” Sai waya ta yanke.

Ina Zailani yake? Ko layi ɗaya ne ka rubuto.

Balki

Yamai, 15 ga Janairu 2025

Balki ƙanwata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar da ban taɓa yi miki ba. Muna lafiya, gwiwa na nan yadda take. Zailani yana gida. Na fara da wannan don ki samu ki karanta sauran a zaune. Ki gafarta mini shirun, ban so in rubuto ba sai na san abin da zan ce.

Takardarki ta iso ranar Alhamis, saura kwana biyu tafiya. Zinariya ta riga ta wanke masa kaya tana kuka, ta ce mini in na sa shi mota to in nemi kujera biyu, don da ita za a tafi. Na karanta takardar sau ɗaya na jefar, don kin taɓa ni inda ke ciwo. Da na sunkuya zan ɗauka, idona ya faɗa kan “Yaya”. Na zauna na sake karantawa. Da yamma na ce wa Abdoulkarim a ɗaga tafiyar sati ɗaya.

Ranar Juma'a bayan la'asar na ɗauki kujera. Kin san tsawon layinmu. Kowace ƙofa sai da aka leƙo.

Na same su su takwas. Zailani ne a gaban gawayi yana fifita, da ya gan ni mafici ya faɗi daga hannunsa. Jibo ya miƙe, dogo ne, siriri, ya fi yadda nake zato ladabi.

“Fofo, sannu Baba. Lafiya dai?”

“Lafiya. Shayi na zo sha.”

Suka dubi juna. Wani ya tura wani abu ƙarƙashin tabarma da ƙafa, na yi kamar ban gani ba. Ashe fada na da dokarta: ba a korar baƙo, finjalin farko na babba ne, kuma ko taba sigari ba a kunnawa gaban sa'an uba. Ɗana ya miƙo mini finjali. Na sha na fari, na biyu, na uku. Na ce a kwana lafiya, na ɗauki kujerata.

Haka rana ta biyu, haka ta uku. Sun fara hirar ƙwallo a hankali, kamar masu tafiya a kan ƙaya. Sau biyu wani ya karya faransanci a gabana har haƙorina ya yi tsami, na tuna da ke na haɗiye.

Rana ta huɗu, wani mai ƙiba da ake kira Hasan, wanda bakinsa ke riga hankalinsa, ya dube ni ya ce:

“Wallahi Baba Mushe, a kusa ba ka kai yadda Zailani ke yin ka ba.”

Jibo ya ce, “Kai Hasan, jaki ne kai?”

Na ce, “Yaya yake yi na?”

“A'a Baba, wasa ne kawai,” in ji Jibo. “Yana ɗan kwaikwayonka, mu yi dariya.”

Na juya wajen ɗana. “Tashi ka yi in gani.”

“Baba, don Allah.”

“Na ce ka yi.”

Ya tashi kamar wanda za a yanka. Ya dafa ƙugu, ya ja ƙafar hagu, ya tura tabaran da babu shi a kan hanci. Sai muryata ta fito daga bakinsa: “Karatu? Wane karatu? Ni nan na fi daraktan lakwal kansa faransanci, me na samu? Ku yi ta yi, jakai, duk za ku zo ku same ni a ƙofar gidan nan!”

Balki, bai rage komai ba. Har ɗan tarin da nake yi kafin in ce jakai. Ba wanda ya yi dariya. Ni ne na yi, kuma ban san lokacin da dariyar ta koma wani abu ba, sai da na ciro hankici. Hasan ya ce, “Baba, shayin ne ya yi zafi?” Na ce shi ne.

Ranar Zailani ya ɗauko mini kujera muka taho tare. A hanya na tambaye shi yadda abin ya fara, ban ɗaga murya ba, shi ma bai yi mini ƙarya ba. Ya ce da ya fara zuwa, ɗan Mushe suke ce masa, aikinsa wanke finjali. Naɗin wiwi hannu zuwa hannu yake zagayawa, ta hanyar da shayi ke bi. Wanda ya miƙa gaba bai zuƙa ba, in an zo zagayen shayi sai a tsallake shi, kowa na kurɓa shi yana zaune hannu wofi.

“Sati biyu ana tsallake ni, Baba. Shayin da ni na dafa.”

Ranar da ya zuƙa ya shaƙe, suka yi ta yi masa dariya. Don ya kawar da dariyar daga kansa sai ya mayar da ita kaina, ya kwaikwaye ni. Tun daga ranar ya samu wurin zama.

Na ce, “Ba ka ji tsoron bak ba?”

Ya ce, “Ai kai ka ce ko na ci ba abin da zan zama.”

Muka ƙarasa gida. Da safe na je na ce wa Abdoulkarim na fasa. Sannan na gaya wa Zailani gaskiyar ziyarar da aka shirya masa, don ban so ya ji a bakin wani. Ya yini bai yi mini magana ba. Yana da gaskiya.

Kada ki zaci komai ya gyaru. Ni da Zinariya mun kai shi wajen wani likita mai zama da irin waɗannan samari, yana zuwa duk sati biyu. Kwanakin farko barci ya ƙi, abinci ya ƙi, ya yi wa uwarsa tsawa a kan gishiri. Jibo ya gaji da ni, ya kwashi mutum huɗu sun koma bayan wani kango, can suke abinsu. Har yanzu in mun haɗu yana cire hula ya gaishe ni, kuma na san yana aiko wa Zailani saƙo. Saura uku a tabarma: ɗana, Hasan, da wani shiru-shiru. Ran nan Hasan ya fito da wani lissafi da ya gagare shi. Kin ce kada in yi darasi, amma sati ɗaya kika ce, kuma ya wuce. Tela ya ba mu aron ƙofarsa ta ƙarfe, alli na kama ta sosai.

Na gode, Balki. Na gode da kika ajiye takarduna, na gode da kika karanto mini su. Mutane da yawa sun ji ina faɗin maganganun nan shekara goma, suna gyaɗa kai don su rabu da ni. Ke kaɗai kika mayar mini da su. Zinariya ma na gode mata, a gabanta, da baki. Ta dube ni ta ce ko in je a auna tansiyona.

Yayanki,
Mijinyawa

Damagaram, 24 ga Janairu

Bawana,

Alhamdu lillahi. Na karanta, na yi kuka, na yi sujada, na sake karantawa. Yayan da na ara maka na karɓe abina, na gaggawa ne, kada ka saba.

Abu ɗaya zan gaya maka daga aikina na da. Zai iya komawa. Yawancinsu suna komawa sau ɗaya ko biyu kafin su tsaya. Ranar da hakan ta faru, abin da zai fara fita bakinka shi ne zai zauna masa. Ka shirya shi tun yanzu.

Ka ce wa Zailani ina son ganin kwaikwayon nan da idona. Ni ma na iya ka, sai mu gwada wa ya fi.

Balki

Yamai, 17 ga Mayu

Uwargijiyata Balki, tunda kin nace,

Assalamu alaikum. Ina fata kun yi salla lafiya, kuma zafin bana bai narkar da ke ba. Nan Yamai ko ƙadangare ba ya fita da rana. Zinariya na gaishe ki. Tansiyo ya sauka kaɗan, na rage radiyo.

Azumi ya zo mana da sauƙi. Babu shayin la'asar, yaro na gida, muna buɗe-baki tare. Na fara cewa a raina an gama. Ban rubuto miki ba don ina jira a yi bak in aiko miki da labari mai daɗi gaba ɗaya.

Yau da safe ina karyawa, Zinariya na ɗaure kayan kasuwa, Zailani ya fito ya tsaya a kaina. Bai zauna ba. Ya ce, “Baba, jiya na sha.”

Wata huɗu da kwanaki ke nan bai taɓa wiwi ba. Jiya na je jana'izar wani tsohon abokin aiki, ban samu zuwa fada ba. Jibo ya biyo, ya zauna a tabarma kamar da, ya ce ya zo gaida tsofaffin abokai da suka zama ƴan makarantar tela. Ya kunna, ya miƙa. Hasan ya tashi ya tafi. Ɗana bai tashi ba.

Ba zan ɓoye miki ba, tsohuwar magana ta cika mini baki, har na ji tarin nan na zuwa. Zinariya ta saki igiyar da ke hannunta tana kallona. Sai na lura da abu ɗaya: babu wanda ya kama shi. Ba jaka aka wanke ba, ba maƙwabci ne ya kawo ƙara ba. Da ƙafarsa ya fito ya tsaya gaban mutumin da ya taɓa shirya masa ƙarfe, ya faɗa.

Abin da na shirya tun watan Janairu ya gudu daga kaina. Na tura masa kwanon koko na ce, “Zauna ka sha.” Ya zauna. Da ya sha rabi na ce, “To, yau me za mu yi?”

Ya ce zai gaya wa likita ranar Talata, da bakinsa. Ya juya ludayi cikin kwano. Sannan ya ce, “Jibo ya ce zai dawo yau. Ƙarfe huɗu yake zuwa. Ka riga shi, Baba.”

Ban san ko zai ci bak ba, saura ƴan makonni, kuma ya yi asarar rabin shekara. Ban san sau nawa za mu sake yin irin wannan safiya ba. Abin da na sani, ɗana yana gidana, ƙafarsa lafiya, kuma da ya ji tsoro ni ya nema. Wannan ke kika ba ni, Allah ya saka miki, ya raya miki jikokinki.

Zan tsaya nan. Uku da rabi ta yi, kuma da gwiwar nan ba na sauri.

Naki har kullum,
Mijinyawa